Mai Tari da Sauran Fayilolin Goggo

Ɗakin da Goggo take aiki a ƙarƙashin matakalar bene yake, can bayan shagon buga takardu. Ba taga. Fanka ɗaya, kujera biyu, tebur, da tsohuwar kwamfuta mai ƙugi kamar tana jin haushin kowa. Sai an matsar da kujerar baƙo kafin ƙofa ta rufu. Duk mai hawa bene, a bisa kanta yake takawa.

Ƙanwar babana ce. Da taifireta ta fara tun ina goye. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya ɗaya, Auta muke ce mata, kuma da yatsun nan ta yi mata makaranta har ta aurar da ita wani gari mai nisa. Yarjejeniyar haya, neman aiki, cinikin fili, duk ta hannunta suke bi.

Sai dai Goggo ba ta taɓa sa wa fayil sunan mai shi ba.

"Mutum goma za su zo maka da suna ɗaya," in ji ta. "Amma dogo mai rowa ai guda ne."

Haka sunayen suke: dogo mai rowa, matar da ruwa ya daka, mai warin taba, mai warin taba ƙanensa. Mutum ya dawo bayan shekaru, ta leƙe shi ta saman tabarau, ta danna, firinta ta tofo takardarsa. Jama'a na yabo, Oga mai shagon na washe baki. Abin da ya ɗaure ta ke nan. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita, mota aka aika har gida ta ɗauko ta. Ba wanda zai iya zama kujerar nan sai ita.

To ga Auta da cikin fari, likita ya ce mai yiwuwa sai an yi mata aiki, mijinta kuma direban babbar mota ne, kullum yana hanya. Goggo ta nemi hutu.

"Malama, ni ban hana ki ba," in ji Oga. "Ki cire kan naki ki ajiye mana a tebur, sai ki tafi."

Ta juya ta ci gaba da taifin.

Ni gyaran kwamfuta nake yi wa ofisoshi, kuma ban iya ganin abu ban ƙirga shi ba. Da labari ya iske ni, na zo na buɗe foldarta. Folda ɗaya tak. Fayil dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu da shida.

"Goggo, wannan ai kasuwa ce ba rumfa."

"Sarkin gaggawa, kar ka taɓa min komai."

"Ba abin da zan taɓa. Kwamfutar kawai zan tambaya."

Na kunna wa kwamfutar binciken cikin fayil, ba sunan kawai ba. Da ta gama tattara bayananta na kira Oga ya tsaya a bakin ƙofa, don ciki ba wuri. Na nuna musu gurbin nema da ke sama. Ka rubuta ainihin sunan mutum tsakanin alamun zance, sai ta kawo maka takardun da sunan ya fito a jere kamar yadda ka rubuta, ba duk mai rabin sunan ba. Idan sun yi yawa, ka ƙara kalmar kwanan wata da ɗigo biyu, ka ba ta shekarar. Kana iya ce mata nau'in rubutu kaɗai kake so, ko nau'in hoto. Akwai kalmar da ke cewa ban da kaza. Idan kuma guntun kalma kake tunawa, ka sa tauraro gaba da baya, ita ta cike sauran.

Oga ya kawo sunan kwastoma ashirin daga kansa. Na samo goma sha bakwai.

"Sauran ukun fa?"

Waɗannan ukun na sikanin ne. Takardar da aka ɗora a inji aka ɗauka, a wurin kwamfutar nan hoto ce, ba ta karanta abin da ke ciki. Na tace nau'in hoto: dubu uku da ɗari biyu da goma sha biyu, ba mai shaida ko ɗaya sai laƙabin Goggo.

"Ka gani ko?" in ji Oga. "Ba inda za ta."

Na dubi Goggo. Hannunta na kan madannai, ba ta danna komai, idonta na kan bango.

"Ni zan zauna," na ce. Bakina ya riga ni.

Ta tafi da jaka ɗaya da alƙawarin za ta riƙa ɗaukar waya. Ni kuma na shiga ƙarƙashin bene. Ban san ɗakin ya kai haka ƙunci ba. Gwiwata na dukan tebur, fanka na juya zafi ɗaya, ba ka sanin rana ta yi ko hadari ya haɗo sai ka ga rigar mai shigowa. Ni da nake zaga ofis biyar kafin azahar, ga ni ina sauraron takun mutane a kaina. A nan Goggo ta tsufa.

Ranar da ta kira ta ce za a shiga da Auta ɗakin aiki, za ta kashe waya, ranar wani dattijo ya shigo. Takardar filinsa gara ta cinye, maƙwabci na neman shigar masa iyaka, kuma ya tuna an taɓa yi masa sikanin a nan. Na rubuta sunansa. Babu.

"Baba, wace shekara ce?"

"Lokacin da aka zuba wa titin nan kwalta."

Oga ya ce shekara biyu aka yi ana aikin titin. Na sa nau'in hoto, na sa shekarun biyu. Ɗari huɗu da ɗaya.

"Kira ta," in ji Oga.

"Wayarta a kashe."

"Kira surukin nata. A kai mata har ƙofar ɗakin."

"Oga, 'yarta fa ake yi wa aiki."

"Minti nawa ne? Kalma ɗaya za ta faɗa!"

Ya ciro wayarsa ya fara laluben lamba. Ni kuwa na juya na ƙura wa dattijon ido, yadda na sha ganin Goggo na yi. Ba dogo ba, ba gajere ba. Hula kamar ta kowa. Sai ya kawar da kai ya yi tari, busasshe, sau uku a jere, irin wanda ya daɗe da zama a ƙirji.

"Baba, tarin nan ya jima?"

"Ɗana, ya girme ka."

Na sa tauraro, na rubuta tari, na sa tauraro. Shida. Na ce ban da mata. Huɗu. Na biyu da na buɗe, ga sunansa, ga sa hannun shaidu.

Ya matso yana ƙanƙance ido. "Me aka rubuta a sama?"

"Lambar aiki ce, Baba."

Oga ya mayar da waya aljihu.

Da la'asar Goggo ta kira. Mace aka samu, uwa da 'ya lafiya, kuma tana tsaye a bakin ƙofa aka miƙo mata jaririyar. Ba ta gama ba ni labari ba ta ce, "Wa ya zo?"

"Mai tari."

"Na fili ko na haya?"

"Goggo, ki riƙe jikarki."

Oga ya karɓe wayar daga hannuna. Ya yi barka, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya sassauta murya.

"To Malama, yaushe za mu gan ki?"

Na dubi allo. Saura dubu uku da ɗari biyu da goma sha ɗaya.