Ranar da Kawu Ya Yaƙi Shawarar Kansa

Kawuna gyaran rediyo yake yi, a wani ɗan shago ƙarƙashin matakalar bene, inda warin dalma ba ya ƙarewa. Shekara talatin yana cikin Ƙungiyar 'Yan Obaoba, masu haɗa na'urar magana da hannunsu, su kafa eriya a kan rufi, su yi hira da mutanen wata uwa duniya. Duk wanda tasa ta yi shiru, wurin Kawu yake kai ta. Amma ko kujerar gaba ba a taɓa ba shi ba a taro.

Shekara goma da suka wuce ya miƙe ya ce sunan nan ya tsufa, matasa in sun ji shi sai su ɗauka ƙungiyar masu gadi ce. Aka kwashe da dariya. Shugaba ya ce, "Zauna, Mai Dalma, bar mana wannan."

Bara sai ga wani likitan haƙori ya shigo ƙungiyar da na'ura sabuwa fil, wadda ko inda fis ɗinta yake bai sani ba. Wata uku kacal da shigowarsa ya kawo shawarar a sauya suna. Aka tafa masa har da masu miƙewa tsaye.

Kawu ya koma gida ya ture kwanon abinci.

Matarsa ta ce, "Malam, ba abin da ka daɗe kana so ba ke nan?"

"Da bakina na so shi, ba da bakin mai cire haƙori ba."

Ranar ƙuri'a ya sa rigarsa ta fita kunya, ya yi minti ashirin yana kare tsohon suna. Ya ce suna ba takalmi ba ne da za a yar don ya sha tafiya. Ya ce baƙon da ya zo jiya ba ya raɗa wa ɗan gida suna.

Likita ya miƙe cikin ladabi. "Baba, ai shawarar ba tawa ba ce. A tsohon littafin taro na gan ta, an rubuta wani mamba ya kawo, ba a sa sunansa ba. Ko wane ne, ya fi mu hangen nesa."

Aka shiga waige-waige. Ba wanda ya tuna, har Shugaba. Kawu ya buɗe baki, ya tuno abin da ya gama faɗa yanzun nan, ya rufe. Aka ɗaga hannu, goma sha tara suka yarda a sauya, ɗaya tak ya ƙi.

Bayan sati biyu na'urar likitan ta ɗauke, ya kawo ta shago. Minti goma Kawu ya gyara ta. Sai ya ɗora ta a kan teburinsa, ya jona mata eriyarsa, kullum bayan la'asar yana hira da ita. Muryarta tangaran, ba ƙara ko kaɗan, abin da ya ƙara ba shi haushi.

Duk sanda likita ya leƙo, sai Kawu ya lulluɓe ta da tsumma. "Likita, ciwon nata ya yi nisa. A ƙara haƙuri."

Sai da ta yi sati bakwai a wurinsa.