Ranar da Gyaɗar Inna Ta Hana Mai

Wata Alhamis ce da hantsi, saura kwana huɗu Babbar Sallah, ina aji huɗu na firamare a Dutsin-Ma. Markaɗen gyaɗa ya dawo daga inji, Inna ta juye shi a babban turmi, za a matse man da za a yi suyar naman layya da shi. Gwaggo Hure, yayar Babanmu, ta zo daga Wurma don ta kama mata aiki. Gwaggo mace ce da ko kaza ta gifta sai ta ji dalili, kuma a gefen zaninta kullum akwai tsumagiya.

Aikina ɗaya ne tal: in riƙa iza wuta, in miƙo ruwan zafi ludayi-ludayi. Haka gyaɗa take so, ana juyawa da muciya ana ɗiga mata ruwa kaɗan-kaɗan har mai ya taso, tunkuza ta ware. To ni kuwa lokacin carafke ta ci raina. Ƙawata Rahila, 'yar wani malamin asibiti Kirista da suke haya a bayan gidanmu, ta shigo da duwatsunta, muka duƙufa a gindin darbejiya. Da na waiwaya, wuta ta mutu murus, Inna da Gwaggo sun shiga ɗaki ɗauko kwalla. Inna ta ƙwalo min kira in ƙara ruwa. Tsoro ya sa na ruga randa, na ciko ƙwarya da ruwan sanyi, na antaya shi duka a turmi, na cakuɗa da sauri.

Ana cikin juyi sai ga Maman Rahila ta shigo neman 'yarta. Mace ce mai fara'a, kullum tana aiko mana da doya. Ta leƙa turmi ta ce, "Kai, wannan gyaɗa zai ba da mai sosai!" Ba ta ce tubarkalla ba, don ba ta san ana cewa ba. Na ga fuskar Gwaggo ta canja.

Aka juya har hannun Inna ya yi kanta. Mai ko ɗigo bai taso ba. Markaɗen ya yi fari-fari, ya kama jikinsa kamar kunun da ya kwana. Inna ta tsoma yatsa a ciki, ta ɗago ta dube ni. Ni kuwa na kafa wa tsumagiyar Gwaggo ido.

"Mi kike nema cikin turmi?" in ji Gwaggo, da ƙarfi yadda za a ji ta bayan katanga. "Bakin matar can ne! Ta yaba abu ba tubarkalla. Kada in sake ganin ƙahwarta gidan ga, ita da ɗiyarta."

Katangarmu ta ƙasa ce, ba ta riƙe magana. Na ji an daina daka a gidan su Rahila. Kalma uku kawai ake bukata daga bakina, amma na sunkuyar da kai ina tsintar ɓawon gyaɗa. Inna ta ɗora markaɗen a wuta har la'asar, ta samu ɗan mai gurɓatacce, wanda ranar suya ya yi ta fantsama yana ƙona mata hannu. Ranar Sallah ta aike ni da nama gidansu. Maman Rahila ta karɓa ta yi godiya daga bakin ƙofa, ba ta ce in shigo ba. A makaranta Rahila ta koma wani benci. Kafin damina aka yi wa babanta canjin wurin aiki, ban sake ganinta ba.

Yau aikina ke nan a ɗakin gwaji can kudu: raba ruwa da ɗanyen mai mai kauri kamar kwalta. Muna ɗiga masa wani sinadari da ake kira folima, mu ɗumama kwalbar, sai ƙananan ɗigon ruwan da suka maƙale su haɗu su kwanta a ƙasa, mai ya tsaya a sama. Duk sanda layin nan ya bayyana, turmin Inna nake gani.

Bara da na je gida, na tarar ba mai matsar mai a unguwarmu, na galan ake saye, turmin ma ya zama wurin zaman kaji. Na zauna kusa da Inna na faɗa mata gaskiya, ina dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Ai na sani," ta ce. "Na taɓa na ji shi da sanyi."

"To Inna, mi ya hana ki hwaɗi?"

"Ke nike jira ki hwaɗi da bakinki."

Shekara ashirin da wani abu tana jira. Ita ta ji, amma Maman Rahila, wadda ya kamata ta ji, ban san ko a wane gari take ba.