Talabijin ɗin Maƙwabcina

Tun zamanin mahaifina a zaurenmu ake majalisa bayan la'asar. Da na gaji gidan sai na sa talabijin, aka riƙa kallon ƙwallo ranakun Asabar da Lahadi. Zaman yana da tsari: tabarmar tsakiya ta dattawa ce, sauran jama'a su jingina da bango hagu da dama, ni mai gida ina bakin ƙofa.

Sai maƙwabcina, wani mai aikin zare a wuyan babbar riga, ya sayo tasa. Kafin wata guda zaurena ya fara zama fayau. Na leƙa nasa sau ɗaya, daga bakin ƙofa na hangi ciyawar fili kore shar. Na ce masa, "Allah ya sanya alheri," amma ban faɗa da zuciya ɗaya ba.

Washegari na tafi kanti a Tudun Wada, na ce a ba ni wadda ta fi tasa girma. Mai kantin ya ce, "Alhaji, gilashin iri-iri ne. Wannan baƙinta baƙi ne wuluk, amma sai ka zauna saitinta. Waccan baƙinta ya ɗan yi toka-toka, sai dai ko daga gefe kalarta ba ta gudu. A ina za a kafa ta?"

Na ce, "Ni dai wacce ta fi girma?"

Mai baƙi wuluk ɗin ce babbar. Na tsaya ƙiƙam a gabanta, na ga hoto kamar in sa hannu in taɓa. Na manta cewa mutanena ba a tsaye suke kallo ba, kuma ba a tsakiya ba. Daga baya na ji cewa shi maƙwabcin nawa har tsugunawa ya yi a gefen kanti kafin ya zaɓa. Mai zare ya san kala.

Aka kafa ta. Dattawa uku na tsakiya suka yaba. Wani tela da ke jikin bango ya ce, "Alhaji, 'yan wasan nan naka bilicin suke yi? Jar riga duk ta koɗe." Aka kwashe da dariya. Ni ma daga mazaunina abin da nake gani ke nan.

A nan na yi abin da nake kunya. Na fara raɗa wa mutane cewa irin ta maƙwabcina tana kashe ido. Ban ji haka a ko'ina ba, ni na ƙirƙira. Wasu suka dawo, suna kanne ido a jikin bangona.

Ran nan bayan azahar maƙwabcin nawa ya tare ni a ƙofar masallaci. Ya ce, "Yaya, an ce ka san illar talabijin ɗina. Gaya mini gaskiya, ka san da ido nake ci. Kwana goma ban kunna ta ba."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce, "Ƙarya na yi, hassada ce. Ka yafe mini." Asabar da ta biyo na maimaita haka a gaban majalisa.

Yanzu a zaurensa ake zama. Yakan nuna mini tsakiya, ni kuwa nakan zauna bakin ƙofa. Har yau in na ga koren nan sai in yi istigfari. Tawa tana ɗaki, mai ɗakina tana kallonta daga saiti, ta ce ba ta taɓa ganin mai kyanta ba.