Jorrit Hoekstra, Wanda Ciwo Ya Fara Ƙwace wa Yatsu

A ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Jorrit Hoekstra ya rasu a gidansa da ke birnin Leeuwarden yana da shekara talatin da takwas. Matarsa Femke ce ta kira ni.

Jorrit, tun muna samari muke ƙungiya ɗaya a gasar wasan kwamfuta, kuma duk cikinmu babu mai saurin yatsunka. Da ciwon jijiya ya zo, da yatsun nan ya fara. Ina kusa da kai ranar da na'urar wasa ta suɓuce maka ana tsakiyar gasa. Ka daɗe kana kallonta a ƙasa.

Mun ɗauka shi ke nan. Sai ka koma wasan da ake yi da motsin jiki, a wurga hannu ƙwallo ta tafi a allo. Wytse, shugaban ƙungiyarmu, ya ce, "Haba Jorrit, wannan ai na kakanni ne ranar Kirsimeti." Ka ce, "To zo ka gwada, in ka isa."

Ka kai mu gidan kula da tsofaffi na unguwarku, inda kake koya musu wasan duk Alhamis. Wata tsohuwa, Aukje, ta lallasa Wytse a gaban kowa, ta miƙa masa kofin gahawa ta ce, "Ɗana, kafaɗarka ta cika tauri." Wytse ya je ya yi ta atisaye, ya dawo neman fansa, bai kuma daina zuwa ba. Amma yawancin abokanmu sun ce ba wasan gwanaye ba ne. Suka ƙi zuwa, daga baya suka daina kiranka. Ba ka taɓa ambatar su ba, amma Femke ta ce abin ya ci maka rai.

Sannan ciwon ya hau kafaɗa. Muka riƙa ɗaura maka na'urar a hannu. Da hannun ya mutu, sai ka koma gyara mana tsayuwa da baki daga kan keken guragu. Daga ƙarshe muryar ma ta tafi.

A maƙabarta, Aukje mai shekara tamanin da bakwai ta riƙe hannuna ta ce, "Shi ya yi min alkawarin zai raka ni nan."

Allah ya jiƙanka, Jorrit, ya sa wahalar jinyar nan ta zame maka hutu. Femke, ke da ƙaramar 'yarku Sietske, Allah ya ba ku juriyar zama a gidan da babu shi.