Jan Ruwan da Ya Cinye Maganin Kawu

Ina shekara ta uku a jami'a, ina karatun ilimin sinadarai, lokacin da kawuna ya daina gaisawa da mai shagon kayan noma na Damri. Tare suka yi makarantar allo, kuma tun da aka fara noman rani da ruwan madatsar Bakolori, a wurinsa kawu yake sayen iri da taki. A farkon daminar shekarar ya sayi maganin ciyawa ya fesa a gonarsa ta bakin kanal, wato magudanar da ke kawo ruwan madatsar, kafin ya shuka shinkafa. Kwana goma ciyawa tana nan kore shar. Kawu ya faɗa a kasuwa cewa jabu aka sayar masa, mutane suka fara kauce wa shagon.

Haka na tarar da na zo hutu. Kawu ya sayo wani maganin daga Talata Mafara, na bi shi gona ranar da zai sake feshi. Ina kallo ya tsoma bokiti a kanal. An yi ruwa kwana biyu a jere, ruwan kanal ya yi ja, ya yi kauri da laka. Da shi ya dama maganin, kamar yadda ya saba.

A makaranta mun taɓa girgiza irin wannan magani da yumɓu a cikin kwalba, muka auna abin da ya rage a ruwan, kusan babu. Ƙwayoyin laka ne suke kama shi su riƙe, ciyawa ba ta samun abin da za ta sha. Na san haka, amma ban iya buɗe baki na ce da kawu shi ne ya yi kuskure ba.

Sai na roƙi ragowar tsohon maganin. Na kafa tsinke a wurare biyu a gefen gona, faɗinsu ɗaya. Na fesa wa ɗaya wanda na dama da jan ruwan kanal, ɗaya kuma wanda na dama da ruwan rijiya, awo ɗaya. Bayan mako guda, na rijiya ya ƙone ƙurmus, na kanal ko kwanciya bai yi ba. Duk da haka sai da na ƙara kwana uku kafin na ce, "Kawu, in da hali ka zo ka ga wani abu."

Ya daɗe yana dubawa. "Mi kas sa ma wanga?"

"Maganin nan ne da aka ce jabu. Ruwan damawa ne ya bambanta."

Ya tsuguna ya murza busasshiyar ciyawar da yatsu. "Kai da ko gaisuwa sai an matsa ma, ashe da ƙasa kake hira."

Ranar kasuwa ya sa ni gaba har bakin shagon. Ya yi sallama da ƙarfi yadda na kusa za su ji, ya ce, "Alhaji, na ɗauki alhakinka. Maganinka lahiya lau yake."

Mai shagon bai tashi daga benci ba. Ya ce, "To wa ya hwaɗa ma, bayan ni na hwaɗi ka ƙiya?"

Kawu ya nuna ni. Dole na yi bayanin laka a gaban manoma, idona a ƙasa. Da na gama, mai shagon ya matsa ya ba kawu gefen benci, ya miƙo mini kwali ya ce in rubuta da boko da ajami cewa kada a dama magani da ruwa mai laka. Wasu masu saye sun dawo a makon, wasu sai da damina ta zagayo.