Tudun da Yaya Bitrus ya roƙe ni

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Bitrus, kuma har yau ban taɓa faɗa wa kowa abin da ke cina game da shi ba. Na ga gara in faɗa a nan, tun ina da sauran numfashi.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Mahaifinmu Bamaguje ne, manomi a wani ƙauye da ke kan hanyar Watari. Ni na musulunta ina makarantar firamare, shi kuma Yaya ya bi wasu ma'aikata Kiristoci 'yan Lutheran da aiki ya kawo su yankinmu, har ya zama mai bishara. Baba bai hana kowa ba. Da ƙarfinsa ya ƙare sai ya raba mana gandu, Yaya ya samu gefen fadama, ni na samu gonar gero da wani tudu mai tsakuwa wanda ko gyaɗa ba ta yin kirki a kansa.

Ikilisiyoyinsu ƙanana ne, warwatse a ƙauyuka daga wajenmu har zuwa ɓangaren Shanono, sun haɗu a gunduma ɗaya. Kowace shekara bayan kaka dattawansu kan zauna su tsara abin da za su sa a gaba. Wani ya ce rufin kwano, wani ya ce babur ɗin fasto, wani ya ce a tura matasa makarantar koyon Littafi. Yaya kuwa magana ɗaya yake kaiwa, maƙabarta.

Yana da dalili. A da Bamaguje a gefen gonarsa ake binne shi, amma gonaki sun tsattsage saboda gado, gida ya haɗe da gida, wasu ma ba su da ko taƙi ɗaya. Akwai wata tsohuwa, Iya Rahila, da ta kwana biyu a ɗaki bayan ta cika, ana neman inda za a sa ta, daga ƙarshe aka ɗora ta a a-kori-kura zuwa birni. Yaya ne ya riƙe akwatin a bayan motar. Tun daga ranar yake cewa wanda bai san inda za a binne shi ba baƙo ne, ko da a garin aka yanke masa cibiya. Dattawan ba su ƙi ba, sai dai kullum maganar tasa a ƙasan takarda take ƙarewa, don duk wanda aka tuntuɓa da zancen sayar da fili, da ya ji abin da za a yi da shi sai ya janye.

Wata damina ina maimai a gonar gero ya zo ya same ni. Ya karɓi fartanya ya yi mini kunya biyu kafin ya buɗe baki.

"Sale, tudun nan naka nake so. Ba don kaina ba."

Na san abin da yake nufi. Na tuna sahun da nake tsayawa a masallaci, na tuna masu cewa har yanzu da sauran Maguzanci a jikina, na tuna 'ya'yana mata da ba su yi aure ba. Sai na ce, "Yaya, bari in yi shawara."

Ya dube ni, ya yi murmushi, ya ce, "To, Allah ya kai mu." Duk Bahaushe ya san ma'anar wannan amsa tawa, shi ma ya sani.

Shekara uku ya yi bayan haka, bai ƙara tada zancen ba. Bai fasa aiko mana da shinkafa da nama ranar Kirsimeti ba, ya kuma sa Musulmi ya yanka saboda mu. Ranar Sallah shi ne farkon mai zuwa barka. In zan kai wake Dawanau tare muke tafiya, don ya fi ni iya ciniki. Da ya yi fushi da ni, wataƙila da abin ya zo mini da sauƙi.

Ciwon nasa bai daɗe ba. A asibiti a birni ya rasu, a can kuma aka binne shi, cikin mutanen da bai taɓa gaisawa da ko ɗayansu ba. Ina tsaye daga gefe ana waƙoƙinsu, sai matarsa, Yaya Saratu, ta matso kusa da ni. Ta ce dattawa sun so su zo wurina a nemi tudun ko don shi kaɗai, ita ta hana.

"Shi ya bar wasiyya, Malam. Ya ce kada a takura maka."

An ce da-na-sani ƙeya ce, a ranar na gane nauyin maganar.

Bayan mun dawo na je wurin mai unguwa, daga nan muka wuce wurin liman. Na ce ina so in ba ikilisiyar Yaya tudun ya zama maƙabarta, liman ya saurare ni har na gama, ya tambaye ni ko tudun nawa ne. Na ce nawa ne. Ya ce to mene ne na tambaya, maƙwabci ai yana da hakki, balle ɗan'uwa. Aka kira shaidu aka rubuta. An yi surutu, gaskiya ne, wasu biyu sun daina amsa gaisuwata. Kafin gero ya nuna maganar ta mutu. Abin da na ji tsoro har na hana ɗan'uwana kwanciya a ƙasar ubansa, ko damina ɗaya bai kai ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. 'Yarsa Rifkatu ce yanzu ke rubuta wa gundumar takardun taro. Kwanakin baya ta karanta mini abin da suka tsara a bana: yadda za a riƙe matasa da ke ta kwarara birni, malamin da zai koya wa yara karatu, ungozoma ko da ɗaya ce, da yadda za a riƙa zuwa sujada lafiya a ƙauyukan da tsoron 'yan bindiga ya sa mutane ba sa nisa da gida. Ikilisiya biyu sun haɗe don masu zuwa sun ragu. Na san wannan zai sosa masa rai. Sai dai na lura babu maganar maƙabarta a takardar, na tambaye ta. Ta ce, "Baffa, ai abin da aka samu ba a rubuta shi." Ina jin da ya ji wannan zai yi dariyarsa mai sa kafaɗa rawa.

Bara muka je birni da Yaya Saratu don ta ga kabarinsa. Wurin ya cika ya batse, allon ƙarfen da aka kafa tsatsa ta cinye rubutun. Muka yi ta kewaye har ƙafafunta suka gaza. Ta zauna a kan wani dutse ta yi addu'arta a inda take, ni kuma ina tsaye ina tunaninsa.

To me ya rage na Bitrus? Bai bar gini ba, sunansa ba ya jikin kowane allo, kabarinsa ma ya ɓace mana. Abin da ya bari shi ne yau in Kirista ya mutu a ƙauyukan nan, a kafaɗa ake ɗaukarsa, maƙwabtansa Musulmi suna biye har bakin shinge. Ya kuma bar mini haƙurin da ya yi da ni, wanda har yanzu ban san yadda zan ɗauke shi ba.

Da muka dawo daga waccan tafiya, Yaya Saratu ta ce in kai ta tudun. Ta dogara sanda ta zaga, ta nuna wani wuri daga gabas ta ce nan take so a binne ta. Sannan ta ƙara taku biyu ta tsaya.

"Nan kuma na Bitrus ne, a bar shi haka, kada a sa kowa."

Na ce an bari.