Baiwar da Muke Raɗa wa Suna

A gidanmu na ƙauye, can bayan duwatsun Dutse, ba a fara tatsuniya sai an biya Iya haraji. Iya kakata ce, mahaifiyar babanmu, gajeriyar tsohuwa mai faɗan tsiya. Da an ci tuwo an yi isha'i, sai ta jawo kujerarta bakin murhu, ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi, mu jikoki mu kewaye ta muna ture juna.

"Ga ta nan tafe," in ji ta, "amma ba za ta shigo ba sai kun raɗa wa baiwar suna."

Harajin ke nan. Tatsuniyar kuwa kowa ya san ta. An aika 'yar attajiri garin gwaggonta tare da baiwarta. Suka tsaya wanka a rafi, baiwar ta riga ta fitowa, ta sa kayan uwar ɗakinta, ta haye jaki. A sauran gidaje baiwar nan mummuna ce, muguwa, ba ta da suna. Ƙarshenta asirinta ya tonu, a jefa ta rijiya, yara su yi shewa.

Iya ba ta yarda da wannan ba. Kullum sai sabon suna, kuma ba ta son mu tsaya a Binta da Hauwa. "Duniyar duk Hausawa ne a cikinta? Ku nemo!" Muka kawo Yagana, muka kawo Jebbu daga wajen masu tallar nono, wani yayana har ya kawo Ngozi, 'yar mai shagon magani da ya gani a Ringim. Kowanne aka faɗa sai Iya ta maimaita shi a hankali, kamar mai ɗanɗana gishirin miya, sannan ta ce, "Wataƙila shi ne." Mu dai gyaɗa muke jira.

A bakinta, baiwar ta shiga garin cikin kayan ado aka shimfiɗa mata tabarma, 'yar attajiri ta shiga da tsumma aka miƙa mata tsintsiya, ba wanda ya gane. "Ashe zane ne kawai tsakaninsu," in ji Iya. Ranar da aka farga aka ɗauko sanduna, baiwar ta riga ta haye rafi.

Na taɓa tambayarta, "Iya, ina ta tafi?"

"Garinsu."

"Ina ne garinsu?"

"Ita ma ba ta sani ba. Amma ta tafi. Ci gyaɗarki."

Yanzu ina digiri na biyu a jami'ar da ke Kafin Hausa, ina nazarin yadda ake nuna bayi a tatsuniyoyi da littattafan yara. Na karanta su har na gaji da ganin baiwa tana ɗaukar tulu, tana ƙarya, tana shan duka, ba a taɓa cewa ga uwarta ba. Da na nemi in fahimci inda Iya ta samo tata, sai gwaggona ta gaya mini abin da gidanmu suka daɗe suna rufewa. Mahaifiyar Iya kamo ta aka yi tana ƙarama, daga wasu duwatsu na kudu. Masu ita suka sa mata Nagode. Sunan da uwarta ta raɗa mata ya ɓace mata tare da harshensu. Ranar na yi kuka sosai, don sai a lokacin na gane abin da tsohuwar nan take nema a bakinmu.

Na sa labarin a babi na uku na kundin digirina. Baffa Sale, ƙanin babanmu, ya ji, ya tako har gidana a Yalwawa.

"Ke 'yar nan, cire wannan. Ƙannenki mata suna gabana ba su yi aure ba. Kin san mutane, sai sun binciki asali. So kike a ce mana jikokin baiwa?"

"Baffa, ai mu ɗin ne."

"Ki ce a wani gida kika ji. Wa zai sani?"

Tsoronsa ba na banza ba ne, na san an fasa aure a kan abin da bai kai wannan ba, kuma ina son ƙannena. Amma kunyar nan ta wanda ya kama yarinya ya sayar ce, ban ga dalilin da za mu gaje ta ba. Na durƙusa na ce, "Baffa, ka yi haƙuri. An goge ta sau ɗaya. Ba da hannuna za a sake ba."

Ya saɓa babbar rigarsa ya fita. Har yau in na gaishe shi da ka yake amsawa, abin yana mini ciwo, babin kuma yana nan inda yake.

Ba ni da murhu, risho gare ni. Amma jiya da yamma na tara yarana a tsakar gida, na ce sai an biya haraji. Ƙaramar ta yi tunani, ta faɗi sunan wata 'yar ajinsu da ban taɓa jin irinsa ba. Na maimaita shi a hankali.

"Wataƙila shi ne," na ce.